Yadda Na Bar Yayanku a Ƙofar Gida

Da sunan Allah nake buɗe wannan babi, kuma tun ban yi nisa ba ina ba babanku haƙuri, don yau zan ƙwace masa labarin da ya fi so a duniya. Kun sha jinsa a gindin mangwaron gidanmu na Alibandeng, ya miƙe ƙafa, yana gaya wa baƙi wai na'ura ce ta rikice ranar nan, ta damƙa masa makulli ta bar yayanku a waje. To na'ura ba ta rikice ba. Abin da na sa ta shi ta yi, ba ragi ba ƙari. Laifin nawa ne ni kaɗai, kuma gara ku ji shi daga wurina tun yatsuna suna iya buga haruffa, kafin jikokina su girma da labarin tsohon direban taksi.

Ku da aka haifa a Libreville, dole in fara muku da abin da a Damagaram ba ya bukatar bayani. A wurinmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane, ba ta yabonsa, in an yabe shi ma sai ta kau da kai ta ce miyarta na ƙonewa. Kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar gidan mutunci. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ban taɓa jin sunan babban wanmu a bakinta ba, shi kuma bai taɓa ɗaukar abin da zafi ba, domin duk unguwa haka ake yi, ga kakanni da goggonni suna goyonsa suna kiran sunansa har ya gaji da amsawa. Ni kuwa na kwaso kunyar na taho da ita har bakin teku, na baro kakannin da goggonnin a can. Yayanku ya tashi a gidan da ba mai kiran sunansa sai babanku, shi kuma tun asuba yana kan titi. Ni "kai" nake ce masa, in ina ba da labarinsa in ce "wannan yaron". Da aka haifi Ramatu da Salisu sai na samu mafita, ya zama "yayanku".

Abin dariyar shi ne, sana'ata rubuta sunaye ce. Shekara ashirin da ɗoriya ina buga keken rubutu a wani ɗan shago a Glass, kusa da inda taksi ke jeruwa a titin bakin ruwa, ni da Madam Rifkatu, Kirista 'yar Jos, wadda na shaƙu da ita fiye da wasu 'yan'uwana na jini. Wasiƙar neman aiki, takardar izinin zama, takardar hayar ɗaki, duk mu ke buga wa mutane da Faransanci. Na buga sunan ɗan Mali, na buga na ɗan Kamaru, na buga sunayen 'yan ƙasar nan masu karya harshe, ban taɓa tsallake harafi ba. Amma in takardar lakwal, wato makaranta, ta yayanku ta zo, sai in cike ko'ina, in bar gurbin suna, in tura wa Madam Rifkatu keken. Ta yi mini tsiya har ta gaji. Ta ce ko a Jos sun san wannan al'ada, amma ba su san tana bin mutum har cikin keken rubutu ba. Sai ta buga, ta turo mini abina.

Yayanku yana aji huɗu ya dawo daga lakwal ya tsaya a bakin madafa, ya tambaye ni me ya sa uwar abokinsa ke zuwa ƙofar lakwal ta ƙwala wa ɗanta kira ta rungume shi kowa na gani, ni kuwa ko sunansa ban sani ba. Haka ya faɗa, wai ban sani ba. Na ce ya je ya cire rigar makaranta. Abin da uwata za ta ce ke nan, kuma a ganina na ba da amsa. Ranar aurensa kuma na shige ɗaki na ja ƙofa yadda ake yi a gida, sai dangin Awa matarsa, waɗanda rabinsu 'yan ƙasar nan ne, suka ce uwar miji ba ta son auren. Ba a daɗe ba ya kwashe kayan waldarsa daga Oloumi ya koma Port-Gentil. Salla uku bai zo gida ba. Yana aiko da gaisuwa ta bakin Ramatu, ni ma ina amsawa ta bakin Ramatu, abin yana cina amma ban nuna ba.

Abin da ya rage yana haɗa ku shi ne wasan nan na Lahadi. Bayan la'asar Ramatu takan taho daga gidan mijinta da na'urarta a jaka, ta ce rezon gidanmu, wato sabis ɗin intanet, ya fi nasu ƙarfi. Salisu yana Yamai yana karatu, yayanku yana Port-Gentil, sai su haɗu a cikin wasan suna jin muryar juna. Wasa ne na haɗin kai. Ana sauke ku a wani gari ko tsibiri, ruwa yana tasowa sannu a hankali, kowa da aikinsa, wani gini, wani gadi, wani magani, sai kun kwashe kaya kun fita kafin ruwa ya shanye ku. Ni kuwa kullum a daidai lokacin ne shinkafata ke bukatar tsinta. In ɗauko faifai in zauna kusa da Ramatu, in yi ta tsintar shinkafar da na riga na tsince, ina jin dariyar yayanku daga cikin na'ura. Ramatu ta gano ni tun makon farko, amma 'yar albarka ƙara murya kawai ta yi.

Wata Lahadi na ga tana rubuta wani abu da yatsu biyu, tana neman haruffa kamar kaza a kan tsaba. Raina ya ɓaci, a ce 'yar da na haifa ce ke wannan. Na ture ta na ce ta faɗa in buga. Ashe taswira take gyarawa, domin wasan yana ba mutum dama ya gina filinsa, ya sa dokokinsa, ya gayyaci wanda yake so. Kafin magariba ta nuna mini yadda ake jan bango, yadda ake dasa itace, yadda ake liƙa rubutu a jikin ƙofa. A lokacin shagonmu na Glass ya daɗe da rufewa, tunda kowa ya koma rubuta wasiƙarsa a waya, ba ni da aikin yi sai jayayya da babanku a kan gishiri. Ramatu ta bar mini tsohuwar na'urarta. Ku tambayi babanku sau nawa tuwo ya kama a wannan damina.

Me zan gina in ba gidana ba? Na gina gidan Alibandeng bulo bayan bulo. Ƙofar ƙarfe mai kuka, mangwaro, famfon da ke ɗiga tun Salisu na rarrafe, tsohuwar taksin babanku da ke kan duwatsu a gefen katanga, wadda shekara goma yana cewa gobe zai tashe ta. In na yi shakkar faɗin baranda sai in fita in auna da ƙafa, maƙwabta na leƙe suna cewa tsufa ya fara taɓa Hajiya. Ɗakin yayanku na fi daɗewa a kai. Na sa gadonsa na ƙarfe, na sa tagar da ya fasa da ƙwallo ya ce iska ce, na sa layukan da babanku ke ja a bango duk ƙaramar salla yana auna tsawonsa. Ban gaya wa kowa dalili ba, ni ma ban tsaya na tambayi kaina ba.

Ina cikin wannan Ramatu ta zo da labari. Yayanku ya samu aikin walda a wata ƙasa mai nisa, na shekaru, saura wata ɗaya ya tafi da iyalinsa. Daga Libreville jirginsa zai tashi, amma daga tashar jirgin ruwa zai wuce filin jirgin sama kai tsaye, filin da muke jin ƙarar jiragensa daga tsakar gidanmu. Ya ce wa Ramatu ba ya son ya takura wa kowa. Na ji maganar nan har cikin ƙashina. Na san in ya tafi a haka to ya tafi ke nan, jikokina za su tashi da labarin wata tsohuwa a Gabon da ba ta son ubansu. Na ce wa Ramatu ta gaya wa 'yan'uwanta Lahadi mai zuwa a taswirata za a yi wasa. In ba zai shigo gidan ƙasa ba, ya shigo na na'ura ya ga ɗakinsa da idonsa.

Sai dai taswira ba ta cika sai an yi rabo. Akwai wani jeri mai gida uku, sunan ɗan wasa, aikinsa, da masaukinsa, wato inda zai tsinci kansa da zarar an fara. In ba ka cike shi ba sai na'ura ta watsa mutane yadda ta ga dama, mai magani ya faɗa bayan gida, mai gadi ya faɗa cikin tukunya. Na zauna na cike nawa da jin daɗi, domin wa ya fi uwa sanin aikin da ya dace da kowa? Ramatu, wadda a wasa ake kira Gimbiya, na ba ta gini na sauke ta a baranda. Salisu, wai shi Damisa, na ba shi gadi na sauke shi a kan rufi, tunda tun yana yaro can ya fi so. Ni na ɗauki magani na sauka a madafa. Babban aiki shi ne na mai makulli, domin shi kaɗai ke iya buɗe ƙofar gida mutane su fita da kaya, in ya makara kowa ya nutse. Wannan na ajiye wa yayanku, masaukinsa kuma ɗakinsa. Na ɗora yatsu a kan haruffa, sai na tsaya cak. Kowa ya laƙaba wa kansa sunan wasa, amma wannan bawan Allah, da yake ba ya son ƙyale-ƙyale, sunansa na yanka ya sa. Jerin kuma ba ya jin "kai", ba ya jin "yayanku". Sunan yake so, harafi da harafi.

Na tashi na sha shayi na dawo. Na yi shara na dawo. Can na hango wani layi a ƙarshen jerin, wanda aka tanada don duk wanda ba a ambata ba. Murna ta kama ni. Mu huɗu ne, an ambaci uku, saura wa? Na ɗora makulli da ɗakin a kan wannan layi, na bar ƙofar ɗakin ba rubutu, alhali sauran ƙofofin kowace da sunan mai ita. Na rufe na'ura ina yaba wa kaina, ina cewa ashe har yanzu kan nan yana ja. Abin da ban karanta ba, ni da na yi shekara ashirin ina yi wa mutane faɗa su karanta takarda kafin su sa hannu, shi ne layin mutum ɗaya yake ɗauka, wanda ya riga shiga. In wani ya ƙaru to baƙo ne, a bakin taswira ake ajiye shi, ba aiki ba kaya.

Lahadi ta zo da ruwan sama, kwanon rufi yana ta kiɗa. Ni da Ramatu muka jera na'urori a tebur. Na ji muryar yayanku yana dariya, yana tambayar Ramatu wai da gaske Inna ce ta yi gini. Kun san tsarin gidanmu, ko a kwano ko a mota ko a wasa, babba ke fara sa hannu, don haka kowa ya tsaya yana jira in shiga. Sai Salisu ya ce a dakata, akwai wanda ya girme ni. Ashe ja'irin nan ya yi mako guda yana koya wa babanku ta waya, ya buɗe masa suna a asirce, wai don a yi wasan ban kwana da kowa da kowa. Sai ga babanku ya fito daga ɗaki, tabarau a kan hanci, waya a hannu, yana tafiyar ango. Muka yi ta shewa. Ya latsa ya shiga, na shiga, sannan yayanku, sannan ƙannensa.

Da aka fara, sai ga babanku a ɗakin yayanku da ƙaton makulli rataye a wuya. Mutumin da ya yi shekara talatin yana ratsa cunkoson Oloumi bai taɓa goge madubin kowa ba, ya kasa fita daga ɗaki mai ƙofa ɗaya. Ya doshi bango, ya ja baya, ya sake dosar bangon. Ya hau gado ya kasa sauka. Yana ta tambaya ina birki, ina giyar baya. Ramatu ta zube ƙasa tana riƙe da ciki, Salisu daga kan rufi yana ce masa dama, Baba, dama, shi kuma yana zagayawa hagu yana cewa sitiyarin ne ba shi da kyau. Ni kaina na yi dariya har da hawaye, na manta da komai. Sai da ruwa ya kai gindin mangwaro na tuna in duba inda yayanku yake.

Yana waje. Yana tsaye a titi gaban ƙofar ƙarfe, hannu wofi, a saman kansa an rubuta baƙo. Ta tsakanin ƙarafan yana hango gidan duka, famfo, taksi, ƙofofi da sunayen masu su, har kwanon kyanwa. Ya taɓa ƙofar sau biyu ba ta buɗe ba. Dariya ta mutu a falon, saura babanku da ke fama da bango. Ramatu ta fara cewa kuskure ne, a sake. Ya katse ta a hankali, ba faɗa ba hayaniya.

"Gidan ya yi kyau, Inna. Ba ki manta da komai ba."

Ya fita daga wasan. Na ji kunyar da ta fi wadda nake gudu.

Babanku ne ya ƙirƙiro zancen rikicewar na'ura a ranar don ya rufa mini asiri, ya kuma yi ta maimaita shi har shi ma ya yarda. Ramatu kuwa ta buɗe jerin ta ga abin da na yi. Na ce ta buga sunan mu wuce wurin. Ta turo mini na'urar ta ce yatsunta biyu ne, ba su iya ba, ta ɗauki jakarta ta tafi gidan mijinta. Ban taɓa jin haushin yarinyar nan kamar ranar ba.

Washegari na ɗauki na'ura na hau taksi zuwa Glass, gidan Madam Rifkatu. Na same ta tana gasa gwiwa da ruwan ɗumi. Na ba ta labari, ta yi wa babanku dariya har tana tari, sannan na buɗe jerin na tura mata yadda na saba. Ta dubi na'urar, ta dube ni, ta naɗe hannu.

"Maman Ramatu, shekara nawa ina buga miki sunan nan? Da na ɗauka taimakonki nake yi. Yau kam ba zan buga ba."

Na ce ai ta san al'adarmu. Ta ce ta sani kuma ba ta raina ta ba, amma in gaya mata, a Damagaram mutum nawa ke kiran sunan ɗan fari in uwarsa ta yi shiru. Na ce gida guda. Ta ce a Alibandeng fa? Na kau da kai. Ta ce ita ma "Maman Ramatu" da take kirana da shi tsallake yaron take yi don kada ta ba ni kunya, yau ta ga ashe duk taruwa muka yi muna tsallake shi. Na hasala na ce ba wa'azi na zo ji ba. Ta ce to in sha shayi. Na sha, yana ƙona mini baki ina hararar ta.

A nan falonta na buga shi. Haruffa shida ne kacal. Ni da nake cike shafi ban dubi yatsuna ba, na nemi kowane harafi da yatsa ɗaya. Ji nake mahaifiyata na tsaye a bayana tana kallo. Na roƙa mata gafara, na ce Iya ki yi haƙuri, ke naki kin bar shi a hannun mutum ashirin, ni nawa ba shi da kowa. Na buga a jeri, na buga a ƙofar ɗaki, na buga a takardar gayyata, domin mai taswira ce kaɗai ke iya gayyata. Madam Rifkatu ta sa tabarau ta bi su ɗaya bayan ɗaya ko akwai kuskure, ta ce hannuna bai mutu ba. Kafin in rufe na gyara wani abu kuma. Na buga sunan babanku, na sauke shi a cikin tsohuwar taksinsa, na kulle ƙofofin duka huɗu. Aikinsa ya matsa oda, wato hon ɗin mota, in ruwa ya taso.

Gayyata ta tafi, amsa ba ta zo ba. Ramatu ta ce alama ta nuna ya buɗe, amma ko da ta kira shi bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba. Kwana shida abincin gidan nan ko ba gishiri ko gishiri sau biyu, babanku bai ce uffan ba, abin da ya nuna mini shi ma hankalinsa ba a kwance yake ba. Lahadi bayan la'asar muka jeru. Babanku ya shiga, na shiga, muka tsaya. Ƙannensa ba za su shiga gabansa ba, haka muka zauna muna kallon gurbinsa. Har Salisu ya fara cewa ko a bari sai wani makon, sai sunan ya haska.

Ya sauka a ɗakinsa da makulli a wuya. Na bar madafa da magani da komai, na je na tsaya a baranda inda zan hango shi. Ya dubi gado, ya dubi taga, ya je gaban layukan bango ya daɗe. Sannan ya fito, ya juya ya tsaya yana kallon ƙofar. Ruwa ya shigo tsakar gida ya kai famfo. Ramatu da Salisu sun tara kaya a bakin ƙofar gida suna ta Yaya makulli, Yaya makulli, babanku na matsa oda ba ƙaƙƙautawa. Bai motsa ba.

"Wa ya rubuta wannan?" in ji shi. "Madam Rifkatu?"

Ashe ya sani. Tun yana yaro ya san wadda ke cike gurbin. Na ce ni ce. Ya sake duban ƙofar. Sai muryarsa ta fito da tsokana a ciki irin ta gidan ubansa.

"To ni ban ji an kira mai makulli ba. Yaya kawai nake ji, yayye kuwa suna da yawa a duniya."

Ramatu ta dube ni. Babanku ya ɗage yatsa daga oda ya cire tabarau. Ruwa ya kai mini gwiwa a cikin na'ura, a waje kuma gumi ya jiƙa mini riga. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, don kunyar ba ta tafi ba, har yau ma tana nan. Na matsa kusa da na'urar na kira shi da sunansa, na ce ya zo ya buɗe mana ƙofa.

"Na'am, Inna."

Mun nutse gaba ɗaya. Kafin ya kai ƙofa ruwa ya shanye mu, babanku ya tafi da taksinsa yana oda. Ba a taɓa faɗuwa wasa aka yi guɗa irin ta ranar ba, ni na rangaɗa ta, har maƙwabciya ta leƙo ta katanga tana tambaya ko haihuwa aka yi.

Ran Juma'a ya sauka daga jirgin ruwa da Awa da yara biyu, kwana tara suka yi mana. Ƙofar ƙarfe ta yi kukanta, ya tsaya ya ce shekara nawa ba wanda ya kula da ita, ko jaka bai ajiye ba ya fara neman kayan aiki. Na kama hannun Awa na kai ta ɗakin da na shige ranar aurenta, na yi mata bayani da Faransancina na takarda. Ta yi kuka, ta yi dariya, ta ce ai da an gaya mata tun farko. Babanku ya jera jikoki a bango ya ja sababbin layuka, ya kuma tilasta wa ubansu tsayawa shi ma, sai da ya hau kujera kafin ya kai kansa.

Kada ku ɗauka a banza na samu. Labari ya kai wa matan Damagaram da ke garin nan, a wajen wani suna aka yi ta zunɗena, wata ta ce Hajiya ta zama 'yar Gabon. Yayata da ke gida ta kira ta ce ta ji abin da na yi, ta yi wata biyu ba ta ɗaga wayata. Abin ya yi mini zafi, amma ban ce sun yi kuskure ba, su a inda suke yaro yana da masu kiransa. Ban kuma zama mai ƙwala kira a titi ba. A gaban mutane har gobe "yayanku" nake cewa, shi ma ya daina jin zafin, wani lokaci ma shi ke tsokanata da ita. Ya tafi aikinsa yadda ya shirya, amma daga gidan nan ya tafi, da yajin da na daka masa a cikin akwati.

Har yanzu muna wasan Lahadi. Jikoki sun shigo, jerin ya yi tsawo, har na ɗora benen da gidan ƙasa ba shi da shi don kowa ya samu masauki. Babanku yana nan a taksinsa, ya nemi sauyin aiki sau uku ban amince ba. Layin wanda ba a ambata ba na goge shi, duk mai shigowa gidana sai na buga sunansa da hannuna. In kun buɗe jerin bayan ba ni, ku sauya abin da kuka ga dama, ku ƙara ɗakuna, ku gyara famfon ma in kuna so, amma kada ku taɓa layin farko. Na san kun lura tun farkon littafin nan kewaye-kewaye nake yi. To ga layin yadda yake a can, ku ma ku gan shi daga hannuna.

Yahuza. Mai makulli. Ɗakinsa.